Gidanka ne amma sunan wani ne a takarda: yadda zaka bi ka karɓi kayanka

Wani kawuna yayi shekaru a Jidda yana aikin tuƙi, duk abinda ya tara sai ya turo wa ƙaninsa a Kano, a sayi fili, a sayi bulo, a zuba dakin, a rufa. Gida ya tashi tsaf. Da ya dawo gida gaba ɗaya sai ya tarar duk wata takarda tun daga ta dillali har satifiket ɗin gwamnati sunan ƙanin ne a jiki. Ƙanin bai ma musa ba, cewa yake ai Yaya gidanka ne, in an samu lokaci sai a canja. Ba a samu lokacin ba har Allah ya karɓi ran ƙanin, aka zo rabon gado 'ya'yansa suka lissafa gidan a cikin kayan ubansu. Nice nan aka ɗora wa yawon kotu da ofishin filaye saboda kawu ƙafa ta hana, toh abinda na koya a wannan yawon ne zan zube maka, in kana cikin irin wannan halin ko kina ciki.

Abu na farko da zaka cire a ranka shine wai sunan da ke kan satifiket shine ƙarshen magana. Ba haka bane. Tun da aka kafa dokar amfani da ƙasa a 1978 zamanin mulkin soja na Obasanjo, duk ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abinda ake baka izinin zama ne da amfani, yawanci na shekara 99, shine wannan takardar da kowa ke cewa si-of-o. Kotun ƙoli ta sha faɗa, misali a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990, cewa takardar nan ba hujja ce da ba a iya rushewa ba, in wani ya kawo hujjar da ta fi ta ƙarfi, ya nuna yana da haƙƙi a wurin tun kafin a bada ita, kotu tana iya jingine ta. Amma fa kada wannan ya sa ka saki baki, mai takarda yana gabanka da taku goma, kai zaka yi gudu ka kamo shi. Alƙali bai san gaskiyarka ba, bai ga lokacin da kake cin gurasa da ruwa kana tara kuɗin ba, abinda aka ajiye masa a gabansa kawai yake gani.

Saboda haka kafin ka buɗe baki ka faɗa wa kowa kana da magana akan gidan, fara tattara hujja a shiru. Wannan shirun yana da muhimmanci wallahi, domin ranar da mutum ya ji kana shirin kotu ranar zai fara share saƙonni da ɓoye takardu, wani ma ya kira dillali. Jeka bankinka ka nemi sitatimen na shekarun da aka yi cinikin da ginin, wanda banki ya buga wa hatimi, ba hoton alat na waya kaɗai ba. In ta hannun 'yan canji ka dinga turo kuɗin, kamar yadda mutanenmu da yawa na Saudiyya da Libiya da Kamaru suke yi, toh nan aikin yake, sai ka nemo ɗan canjin ko yaron shagonsa da littafinsu in suna rubutawa, da wanda ya dinga karɓo kuɗin. Saƙonnin WhatsApp, musamman na murya, inda yake cewa "Yaya an kawo yashin gidanka" ko "Hajiya kuɗin sumuntin bai isa ba", zinare ne, kada ka canja wayar kada ka goge komai. Dokar shaida ta 2011 sashe na 84 ta yarda da hujjar da ta fito daga waya ko kwamfuta, sai dai akwai takardar tabbatarwa da ake haɗawa da ita, lauya ya san yadda ake yi. Sai rasit na kayan gini, rasit na harajin ƙasa, takardar wuta da ta ruwa, yarjejeniyar 'yan haya in kai kake karɓar kuɗin haya. Sai kuma mutane: wanda ya sayar da filin, dillalin da ya ci la'ada, mai unguwar da ya sa hannu, magini, birkila, maƙwabta na gabas da yamma. Rubuta sunayensu yanzu ka san waye ke raye, domin shaidu mutuwa suke yi. A maganar kawuna dillalin ya rasu, magini ne ya cece mu, tsoho ne da ya tuna har ranar da kawu ya kira shi daga Jidda yana faɗa akan an sa ƙofa ta kallon yamma.

Daga nan sai ofishin filaye. A Kano KANGIS ne da ma'aikatar ƙasa, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, kowace jiha da nata. Ana biyan kuɗi a yi maka binciken fayil, lauya ne ya fi dacewa ya rubuta takardar nema. Abinda kake son sani: sunan wa ke kan fayil ɗin yanzu, yaushe aka sa, da wace takarda aka sa, an jinginar da gidan a banki ko ba a jinginar ba, akwai wani ciniki da ke jiran sa hannun gwamna. Mutane da yawa suna tsallake wannan matakin su tafi kotu kai tsaye, sai ana tsakiyar shari'a a gano ashe gidan yana hannun banki tun shekara uku baya, ko ma ba sunan wanda ka kai ƙara bane a kai, sunan matarsa ne. In an gama binciken sai lauyanka ya shigar da takardar gargaɗi a fayil ɗin cewa akwai rikici akan wurin nan kada a yi wani canjin suna. Shi kuma rubutun nan da ake yi da jan fenti a bango, "wannan gida ba na sayarwa bane", mutane na raina shi amma yana aiki, kuma ga dalili. A doka in wani ya sayi gidan da zuciya ɗaya, ya biya kuɗinsa, aka yi masa takardu, bai san da maganarka ba kuma babu yadda za a yi ya sani, toh zai iya riƙe gidan, kai kuma a barka ka bi wanda ya ci amanarka ka nemi kuɗinka, in ka same shi da kuɗin kenan. Duk abinda zai sa mai saye ya kasa cewa "ban sani ba" ribarka ce. Kuma in kai ne a cikin gidan kada ka fita ko an ce ka fita, zamanka a ciki shi kansa sanarwa ne.

Yanzu in mutumin yana raye kuma bai musa ba, dan Allah kada ka tsaya kunya. Kunyar nan ita ta kai kawuna kotu yana da shekara kusan saba'in. Ka ce masa Malam wane rai ba a bakin komai yake ba, muje a gyara takardar nan. Lauya zai rubuta takardar miƙa mallaka daga shi zuwa kai, ku sa hannu da shaidu, a kai a nemi amincewar gwamna, domin sashe na 22 na dokar 1978 ya ce ba a miƙa irin wannan haƙƙi sai da yardar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. Shari'ar bankin Savannah da Ajilo ta 1989 akan wannan ta tsaya, jinginar gida guda ta rushe saboda babu sa hannun gwamna. Sai a biya kuɗin hatimi da na rajista. Eh da tsada, kuma yana cin lokaci, amma bai kai kuɗin shari'a ba. In babu kuɗin a yanzu, aƙalla ya rubuta iƙirari a gaban shaidu biyu adalai cewa gidan wane ne, amana ce a hannuna, da kuɗinsa aka saya, a kai kotu a yi rantsuwa akai, ya kuma miƙo maka asalin takardun ka ajiye. Wani abu da dillalai ke ruɗar mutane da shi shine takardar wakilci, su ce ai in ya baka wakilci shikenan ka mallaka. Takardar wakilci izini ce kawai ta kayi abu a madadinsa, ita kaɗai bata mayar da kai mai gida.

In ya musa, sai sulhu tukunna. Manyan dangi, limamin unguwa, mai unguwa, dagaci, Hisba a jihohin da take, a Kano ma akwai sashen sasanci na babbar kotu. Amfanin sulhu biyu ne, ko a gama a nan zumunci bai tsinke ba, ko kuma mutum ya yi suɓutar baki a gaban jama'a ya ce "ai ni ma na sa kuɗina a ciki", wanda ke nufin ya yarda kai ma ka sa, ka samu shaidu kenan. Duk abinda aka cimma a rubuta a sa hannu, in so samu ne a kai kotu ta mayar da shi hukunci. Sulhun baki da fatiha kaɗai bayan wata shida kowa zai tuna shi yadda ya ga dama.

'Yan sanda kuwa, ka bar su sai in akwai laifi na gaske, kamar an ƙirƙiri takarda ko an kwaikwayi sa hannunka ko cin amana da zamba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum akan rikicin da ba na laifi ba. Ko an kulle shi kwana biyu ka huce, DPO ba zai canja suna a satifiket ba, ƙarshenta ma shi ya kai ka ƙara akan tauye haƙƙi.

Toh wace kotu? Nan ne mutane ke asarar shekaru. In wurin a cikin birni yake kuma takardar gwamna ce a kansa, sashe na 39 na dokar 1978 ya ba babbar kotun jiha hurumin. In gona ce ko fili a ƙauye mai takardar ƙaramar hukuma ko na gargajiya, kotun yanki ko kotun shari'ar Musulunci tana iya ji, babbar kotu ma tana iya ji. In kuma asalin maganar gado ce ko kyauta ko wasiyya ko waƙafi tsakanin Musulmi, wannan na kotun shari'a ne, kuma ɗaukaka ƙara yana zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a kamar yadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya tsara. Amma rikicin mallakar fili zalla, wane ya ce nasa ne wane ya ce nasa ne, kotun ƙoli ta ce ba hurumin kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a bane, shari'ar Magaji da Matari ta 2000 misali ce. Sai ka ga mutum ya yi nasara a ƙasa, ya yi nasara a sama, bayan shekara takwas a ce duk aikin banza ne kotun bata da hurumi a koma farko. Kuɗin da zaka ba lauya ya zauna ya duba wannan kaɗai kafin a shigar da ƙara shine kuɗi mafi albarka a duk shari'ar. In baka da hali akwai hukumar bada agajin lauyoyi ta tarayya, tana da ofisoshi a jihohi, ka je ka gwada.

A babbar kotu abinda lauyanka zai roƙa shine a bayyana cewa kai ne mai haƙƙin wurin, a ce wancan riƙon amana yake yi maka, a umarce shi ya miƙa, a gyara rajista, a kuma bada umarnin dakatarwa kada a sayar ko a rushe ko a jinginar kafin a gama. Ƙa'idar da ake dogaro da ita mai sauƙi ce: in kai ka biya kuɗin aka sa sunan wani, doka tana ɗauka ba kyauta ka yi masa ba, ajiya ce, sai in shi ya tabbatar kyauta ce. Amma akwai inda abun ke juyewa, in miji ne ya saya da sunan matarsa ko uba da sunan ɗansa, toh doka kyauta take ɗauka tun farko, kai zaka tabbatar ba kyauta bace. Alhazan da ke zuba sunayen 'ya'ya a takardun filaye don kada a ga sun tara da yawa, su ji da kyau. Haka wanda ya sa sunan wani don ya ɓoye wa masu binsa bashi, ko ma'aikacin gwamnati da ke gudun hukumar ɗa'ar ma'aikata kada ta gani a fom ɗin kadarori, in ya je kotu yana kuka sai an tambaye shi me ya sa ka sa sunansa, amsar kuma ita zata kashe shi, kotu bata cika taimakon wanda ya zo da hannu dumu-dumu ba.

Tun shari'ar Idundun da Okumagba a 1976 kotun ƙoli ta jera hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa: tarihin gargajiya na yadda wurin ya zo hannunka daga kakanni, takardu ingantattu, ayyukan mai abu na tsawon lokaci irinsu gini da bada haya da noma, daɗewa a cikin wurin, da kuma mallakar wurin da ke maƙwabtaka ta yadda hankali zai bada wannan ma naka ne. Ɗaya ta isa in ta tsaya da ƙafarta. Kuma da ƙarfin hujjarka zaka ci, ba da raunin ta abokin shari'a ba, ko bai zo kotu ba sai ka kawo shaida. Ka kuma tabbatar an san wane wuri ake magana, da zanen safiyo da lambar fuloti da iyakoki huɗu, an sha korar ƙara saboda mai ƙara ya kasa nuna iyakar abinda yake nema.

A kotun shari'a kuma tsarin kowa ya sani, hujja akan mai da'awa, rantsuwa akan wanda ya musa. Shaidu maza biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu, a mazhabar Malikiyya ma a sha'anin dukiya ana karɓar shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. In ka kasa kawowa sai a ba shi Alƙur'ani ya rantse, in ya rantse magana ta ƙare a duniya. Kada ka ɗauko ɗanka ko wanda zai amfana da gidan a matsayin shaida, za a soke shi. In wancan ya ce kyauta ka ba shi, toh shi zai kawo hujjar kyautar da kuma cewa ya karɓa ya riƙe tun kana da rai da lafiya. In kuwa wanda sunansa ke takardar ya mutu kamar namu, ka garzaya kotun da ke rabon gadon kafin a raba ka ce akwai da'awa akan gida kaza, a cire shi a gefe sai an gama, domin amana da bashi ana fitar da su ne kafin magada su taɓa komai. Ka shirya kuma, mai da'awa akan mamaci bayan shaidu sai ya ƙara da rantsuwa, tunda mamacin baya nan balle ya kare kansa. Kawuna ya yi rantsuwar yana kuka, ba don gidan ba, don ƙaninsa ne.

Saura maganar lokaci, kuma ita ce ta fi cin mutane. A babbar kotu akwai wa'adin shigar da ƙarar fili, a Legas da Abuja shekara 12 ne, wasu jihohin 10, in ya wuce ko gaskiyarka ta kai hasken rana an rufe ƙofa, sai dai in an ɓoye maka zambar ne, nan lissafi yana farawa daga lokacin da ka gano. A shari'ar Musulunci kuma akwai hauzi: mutum ya riƙe wuri shekara 10 yana gini yana rushewa yana cewa nasa ne, kana gari kana gani, babu abinda ya hana ka magana kayi shiru, toh ba za a saurare ka ba. Tsakanin 'yan uwa an tsawaita saboda an san kara da kawaici, kotunanmu suna kaiwa shekara 40. Hauzi baya cin wanda baya gari, baya kuma aiki in aka tabbatar aro ne ko haya ko jingina ko amana. Wannan ya shafi mata sosai, gonar gado da aka bar wa babban wa yana nomawa, daga baya ya je ya yi takarda da sunansa shi kaɗai, ke kuma kina gidan miji a wani gari ana aiko miki da buhu ɗaya duk kaka. Buhun nan hujja ce, ki riƙe waɗanda suke kawowa a matsayin shaidu, ki kuma nemi a raba tun iyayen da suka san iyaka suna raye.

In Allah ya baka nasara kada ka ɗauka an gama. Karɓi kwafin hukuncin mai hatimin kotu, ka jira ka ga ko za a ɗaukaka ƙara, daga babbar kotu wata uku ne akan hukuncin ƙarshe, sannan ka kai ofishin filaye a yi rajistar hukuncin a fayil a canja suna. In akwai mutane a ciki ma'aikatan kotu ne zasu fitar da su da takarda, ba kai da 'yan unguwa ba. Mu namu bai kai ga fitar da kowa ba, bayan hukunci kawu ya bar wa matar ƙanin da yaran ɓangare ɗaya su zauna, amma wannan karon an rubuta aro ne, shaidu huɗu suka sa hannu har da mai unguwa, asalin takardar tana wurina, hotonta kuma yana wayar mutum uku.